Horon ma'aikatan tsafta: a cikin gida za a yi shi, ko a tura su kwas waje?

Mai_Kwangila:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ƙaramin kamfanin shara da goge-goge, ma'aikata 38, muna riƙe da ofisoshi huɗu da makaranta ɗaya. A watan jiya wata sabuwar ma'aikaciyarmu, kwananta uku da kama aiki, ta ga wani tabo ya ƙi fita a marmarar ƙofar shiga ta wani ofishi, sai ta ɗauko ruwan wanke masai ta zuba a kai. Kafin a ankara wurin ya yi fari, ƙyallin ya mutu, kamar an goge shi da yashi. Mu muka biya kuɗin gyara, kuma da ƙyar kwangilar ta tsira.

Da na zaunar da ita sai ta ce min ba wanda ya taɓa gaya mata akwai daɓen da ba a zuba wa wannan ruwan. Kuma gaskiyarta ce. Ranar farko an haɗa ta da wata tsohuwar hannu, aka ce ta bi ta ta ga yadda take yi. Iyakar horon ke nan.

To shawara nake nema. In kafa horo na cikin gida ne, ko in riƙa tura su kwas? Abokin kasuwancina ya ce duka biyun asara ce, wai ka horar da mutum yau, bayan wata uku ya tafi wani kamfanin da ilimin.

Akanta_77:
Wa alaikumus salam. Abokin naka bai faɗi ƙarya ba. Ribar wannan sana'a siririya ce, albashi ne ke cinye mafi yawan kuɗin kwangila. Duk sa'ar da ma'aikaci ya yi yana sauraron darasi, ba wanda zai biya ka ita. Ka cire sinadarai masu haɗari daga hannun sababbi, ka kulle sito, mabuɗi a hannun sufabaiza. Magana ta ƙare.

Tsohon_Sufabaiza:
Malam Akanta, kulle sito daidai ne, amma bai kashe maganar ba. Ruwan wanke masai dole ya fita daga sito kullum, tunda kullum ake wanke masai. Da zarar ya hau keken kaya, ya shiga hannun wanda bai san shi ba ke nan.

Shekara goma sha tara na yi ina kula da masu goge-goge. Wannan "bi ta ki gani" da Mai_Kwangila ya ambata shi ne ciwon sana'ar nan. Sabuwa tana koyon abin da tsohuwa ke yi, har da kurakuranta da yankenta, amma ba ta jin dalili. Tsohuwar ba ta zuba asid irin na ruwan wanke masai a marmara, to amma abin da mutum ba ya yi ai ba a ganinsa da ido. Sai an faɗa.

Ni abin da ya yi min aiki tsohuwar hanya ce, wadda masana'antun Amurka suka yi amfani da ita lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka kwashe ƙwararru zuwa fagen daga aka cika ma'aikatu da sababbi. Mataki huɗu ne. Ka kwantar wa mutum hankali, ka ji abin da ya riga ya sani. Ka yi aikin a gabansa a hankali, kana faɗin abin da kake yi da dalilinsa. Ka miƙa masa ya yi da hannunsa, shi ma yana faɗa maka dalili da bakinsa. Sannan ka bar shi, amma ka riƙa leƙowa, kana rage leƙen sannu a hankali. Na uku shi ake tsallakewa. In ka tambayi mutum "ka gane?" zai ce ya gane, don kunya ko don tsoron rasa aiki. Ba shi mofa da bokiti ka ce ya nuna maka. A nan za ka ga yana jiƙa baranda gaba ɗaya maimakon rabi, yana komawa da baya yana taka inda ya goge, allon gargaɗi kuma na jingine a bango.

Kuma a wurin aikin ake yin wannan. Ajin kwas bai san cewa ƙofar shiga marmara ce, hawa na biyu tayil, ɗakin taro kafet ba.

UwarSito:
Wallahi Baba ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni ke raba sinadarai a kamfaninmu. Babbar matsalata ba asid ba ce ma, awon ido ne. A ce murfi ɗaya a bokiti, mutum ya tuntsura jarka, wai in ya yi ƙamshi da kumfa shi ne ya fi wankewa. Ƙasa ta yi danƙo, ƙura ta manne, gobe a ce ba a goge ba, hannun mai aikin kuma ya tsage.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Wani yaro ya haɗa bilic da ruwan cire tsatsar masai a bokiti ɗaya, a banɗakin da ba taga. Muka tarar da shi zaune a ƙofa yana tari, idanunsa na zubar da ruwa, ya kasa magana. Allah ya taimaka ya fito da ƙafarsa. Shi a zatonsa ƙoƙari ya yi, ya haɗa ƙarfi biyu. Tun ranar ba wanda ke karɓar jarka a hannuna sai ya faɗa min abubuwan da ba a haɗawa.

Malamin_Kimiyya:
Allah ya kiyaye gaba. Hajiya, abin da yaron ya shaƙa iskar kulorin ce, ita ke tashi idan bilic ya haɗu da asid. Idan kuma da amoniya ya haɗu, wadda ke cikin wasu ruwan goge gilashi, wata iskar ce mai suna kuloramin, ita ma tana ƙona huhu.

Marmarar Mai_Kwangila kuwa, dangin farar ƙasa ce, sinadarinta ɗaya da ɓawon da ruwan famfo ke bari a masai. Ruwan da aka ƙera don narkar da wancan ɓawon, shi ne zai narkar da fuskar marmara. Ba tabo ba ne, dutsen ne ya ciwu, shi ya sa sai an kawo inji an sake goge shi. Tarazo ma haka, tunda gutsattsarin marmara ne a ciki.

Ba na cewa a mai da masu shara masana kimiyya. Amma akwai abu ɗaya da kowa zai iya riƙewa. A 1959 wani masanin sinadarai na kamfanin Henkel a Jamus, Herbert Sinner, ya bayyana cewa wanki abu huɗu ne suke haɗuwa: sinadari, guga, zafi, da lokaci. In ka rage ɗaya, sai ka ƙara wani. Ma'aikaciyar da ta san wannan, in tabo ya ƙi fita, za ta tuna tana iya barin ruwan da ya dace ya jiƙa wurin na ɗan lokaci ta sake gogawa, ba sai ta nemo sinadari mafi zafi ba.

ƊanGoge:
Ku yi haƙuri manya, ni ma'aikaci ne, shekara shida ina aikin dare. Duk kuna magana a kanmu, bari mu ma mu sa baki.

An taɓa yi mana bita mai kyau. An koya mana cewa maganin kashe ƙwayoyin cuta sai ya zauna a jiƙe na mintunan da aka rubuta a jikin jarka, ba a fesa a share nan take. An koya mana daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti, a ninke tsumma a riƙa juya fuska. Mun ji, mun yarda. Washegari aka ba ni hawa biyu, aikin da dā mutum biyu ke yi, a sa'o'in da aka saba. To ta yaya zan tsaya jiran minti biyar a kowane banɗaki? Sufabaizan da ya zauna tare da mu a bitar shi ne ke cewa in yi sauri.

Sannan bitar ranar hutunmu aka sa ta, ba a biya mu ko kuɗin mota ba. Maganar cewa muna tafiya da ilimi kuwa, Yallaɓai, ban taɓa ganin wanda ya bar aiki don an koya masa abu ba. Albashi ne ke makara, ko a wulaƙanta mutum a gaban jama'a, ko ka shekara biyar ka iya injin wanke ƙasa, ka iya kafet, amma kuɗinka ɗaya da wanda ya zo jiya.

Tsohon_Sufabaiza:
Ɗana, ka faɗi gaskiya, kuma ni ma na taɓa zama wannan sufabaizan mai cewa a yi sauri. Ba na alfahari da hakan.

Nas_Mai_Kula:
Ni a ɓangaren hana yaɗuwar cuta nake a asibiti, kuma kamfanin kwangila ne ke mana tsafta. Abin da ƊanGoge ya faɗa kan lokacin jiƙa, a wurinmu rai ne. A 2020, lokacin korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin kulorin 0.1 cikin ɗari don goge saman abubuwa, da 0.5 cikin ɗari don jini da ruwan jiki da ya zube da yawa, kuma a fara wankewa da sabulu kafin a sa maganin, domin datti yana kashe ƙarfinsa. In bilic ɗinka mai ƙarfin 5 cikin ɗari ne, awo ɗaya a ruwa awo 49 shi ne na farko, awo ɗaya a ruwa awo 9 shi ne na biyu. Kullum kuma a haɗa sabo.

Yanzu ku ɗauki wannan lissafin ku miƙa wa mutum a takarda, da ƙarfe biyar na asuba. Ba zai yiwu ba. Abin da muka yi da sufabaizarsu shi ne muka ja layi da fenti a jikin bokiti, muka samo kofin awo muka ja masa nasa layin. Cika zuwa nan, cika zuwa nan. An daina kuskure.

Akwai kuma wani man shafawa da ba a ganinsa sai da tocila mai hasken shuɗi na musamman. Mukan ɗiga shi a hannun ƙofa, makunnin wuta, ƙarfen gado, mu dawo bayan an yi goge-goge. Ba ma amfani da shi don kama mai laifi. Muna kiran ma'aikaciyar ta riƙe tocilar da kanta. Ranar da wata ta ga ɗigon yana haske a makunnin da ta rantse ta goge, shiru ta yi, daga nan ba a sake tuna mata ba. Gani ya kori ji.

Ga Mai_Kwangila: ko raba bokiti, mofa da tsumma da launi kawai ka fara da shi ka yi nisa. Hukumar lafiyar Ingila ta daidaita nata a 2007: ja na banɗaki, shuɗi na wurare na gama-gari, kore na kicin, rawaya na ɗakunan keɓe masu cuta.

Mai_Gilashi:
Anti Nas, wannan tsarin na asibiti ne fa. A kamfanin da na fara aiki rawaya na wurin wanke hannu ne da bangon banɗaki, ja na masai kaɗai. Da na sauya kamfani sai da na ruɗe.

Nas_Mai_Kula:
Haka ne, ba ko'ina ne ɗaya ba. Wannan ma hujja ce ta horon cikin gida: ko ƙwararre ka ɗauka, sai ka gaya masa naka tsarin. A kuma lura akwai masu matsalar rarrabe ja da kore, an fi samunta a maza, kuma da yawa ba sa faɗa. Ku liƙa hoto a jikin bokitin tare da launin.

Injin_Ƙasa:
Ni dai gani nake nan da 'yan shekaru injuna masu tuƙa kansu za su karɓe aikin daɓe, wannan muhawarar ma ta zama tarihi.

ƊanGoge:
Muna da irinsa a wani babban gini. Baranda mai faɗi yake iyawa. Ba ya shiga lungu, ba ya hawa bene, ba ya wanke masai. Kuma mutum ne ke zubar masa da ruwan datti, ya wanke robar da ke tsane ƙasa, ya sa shi a caji. Wanda aka bar wa shi ba a koya masa ba, ya bar ruwan datti ya kwana uku a tanki, warin sai da ya kori mutane daga hawan.

Hajiya_Manaja:
Mu dawo kan tambayar. Ban yarda a ce na cikin gida kaɗai ya isa ba. Wa ya horar da mai horarwar? In sufabaizanka shi ma da "bi ta ki gani" ya tashi, to kuskuren shekara ashirin zai koyar, da ƙarfin gwiwa kuma.

Ni mutum biyu na tura waje, waɗanda na ga suna da haƙuri da bakin bayani, ba lallai waɗanda suka fi kowa iya aiki ba. Wannan bambancin na da muhimmanci. Wadda ta fi kowa saurin aiki a wurina ba ta iya koyarwa, tana ganin sabuwa na jan jiki sai ta fizge mofar ta yi da kanta. Su biyun nan suka dawo suka zama malaman gida. Irin tsarin da BICSc, cibiyar koyar da sana'ar tsafta ta Birtaniya, ke bi ke nan, wadda aka kafa a 1961: tana tantance mutanen kamfani su zama masu koyarwa da gwadawa, kuma matakin farko nata shi ne sanin sinadarai, harhaɗa kayan aiki lafiya, da adana su, kafin a zo kan goge wani abu. ISSA, ƙungiyar kamfanonin tsafta da ke Amurka, ita ma tana da ma'aunin tantance kamfanoni da ke duba ko akwai horo a rubuce.

Akwai kuma abubuwan da ba zan taɓa koyarwa a gida ba: aikin sama da igiya ko injin ɗaga mutum, da taimakon gaggawa. Waɗannan sai masu lasisi.

Ɗalibi_a_Turai:
A Jamus tsabtace gine-gine sana'ar hannu ce cikakkiya, ana koyonta shekara 3, wani ɓangare a kamfani wani a makaranta, a yi jarrabawa, har mutum ya kai matsayin ubangidan sana'a. Sai dai in faɗi gaskiya, yawancin waɗanda na yi aikin ofis da su ba su bi ta wannan hanyar ba, gajeren bayani aka yi musu kamar ko'ina. Singafo ce ta fi burge ni: tun 2014 kamfanin tsafta sai da lasisi, kuma an ɗaure lasisin da horon ma'aikata da tsanin albashi, yadda ƙarin ƙwarewa ke tafiya da ƙarin kuɗi. Abin da ƊanGoge ke kuka a kai ke nan.

Akanta_77:
To ai kun dawo kan maganata. A can doka ta tilasta wa kowa, don haka duk mai neman kwangila ya sa kuɗin horo a farashinsa. Inda ba doka, kai ka sa, maƙwabcinka bai sa ba, shi zai ci kwangilar. In dai za a horar, a sa ma'aikaci ya sa hannu cewa in ya tafi kafin shekara zai biya.

Hajiya_Manaja:
A'a Malam. Kwas mai tsada da satifiket wanda mutum zai tafi da shi, ana iya yarjejeniya a kai, in dokar ƙwadago ta wurin ta yarda. Amma koya wa mutum kada ya haɗa bilic da asid, ko kada ya danna ledar shara da hannu saboda allura ko fasasshen gilashi, wannan hakkinsa ne a kanka. Ba a bin mutum bashin hakkinsa.

Mai_Gini:
Ni daga ɗaya ɓangaren nake, mu ke ba da kwangilar. Na yarda da laifinmu: shekaru muna zaɓar mafi araha, sannan mu yi ta ƙorafi. Araha ba ta ado. Yanzu kafin mu sa hannu ina neman abu uku: takardar da ke nuna wa aka koya wa me da ranar da aka gwada shi, takardun bayanin haɗarin kowane sinadari a ajiye a sito, da izinin in tsayar da kowane ma'aikaci in tambaye shi. Na ukun ne ke tona asiri. An taɓa kawo min fayil cike da sa hannu, na tambayi wata baiwar Allah me za ta yi in ruwan nan ya fantsama mata a ido, ta ce ba ta sani ba, takarda kawai aka ba ta aka ce ta dangwala.

UwarSito:
Takardun bayanin haɗarin sinadarin nan sashe 16 ne da su, da ƙananan rubutu, galibi cikin yaren da ma'aikacin ba ya ji. Ni sashe na 4 na taimakon gaggawa da na 8 na kayan kariya nake cirowa, in mai da su kati ɗaya mai hoto ga kowace jarka. Alamomin nan masu jan baki da ke jikin jarkoki iri ɗaya ne a ƙasashe da yawa, tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya ne, to su nake koyarwa, musamman mai hoton ruwa na cin hannu da ƙarfe. Kuma haramun ne a wurina a juye sinadari a gorar da ba suna.

Mai_Kwangila:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta duka sau biyu. Abin da na tsayar zuwa yanzu: sabon ma'aikaci ba zai taɓa sinadari ba sai ya yi kwana biyu da malamin gida, kuma kwanakin da albashi. Kowane gini zai samu takarda ɗaya mai hoto da ke nuna irin daɓensa da abin da ake zuba masa. Zan tura mutum ɗaya kwas kamar yadda Hajiya_Manaja ta ce. Ita kuma ma'aikaciyar tana nan, ban kore ta ba, ban kuma cire mata ko sisi ba.

Inda na maƙale shi ne maganar ƊanGoge. Kwangiloli biyu daga cikin biyar an yi lissafinsu ne da sa'o'in da ni kaina na san ba sa isa a yi aikin yadda za mu koyar. Abokina kuma har yanzu bai sauko ba.

Akanta_77:
Ka kawo masa kuɗin gyaran marmarar a takarda, ka ajiye kusa da kuɗin kwana biyun. Mu masu lissafi da lamba ake shawo kanmu. Amma ina nan kan bakana game da waɗancan kwangiloli biyun: horo ba zai ƙara maka sa'a ko ɗaya ba.

Tsohon_Sufabaiza:
Zai rage komawa kan aikin da aka riga aka yi, wannan kuwa sa'o'i ne. Amma ba zai cike gurbin mutum guda ba, a nan na bi bayanka. Mai_Kwangila, kada ka tsaya a kwana biyun farko. Minti goma kafin a kama aiki, sau ɗaya a mako, batu ɗaya tak: yau tsani, mako mai zuwa igiyar inji da ta ɓare. Kuma ka bar tsofaffin su riƙa jan zaman, suna da abin faɗa.

ƊanGoge:
Yallaɓai Mai_Kwangila, masu aikin dare fa? Malamin gidan zai zo da daddare, ko mu za a ce mu fito da rana bayan mun kwana a tsaye?

Mai_Kwangila:
Ban yi tunanin wannan ba, kuma mutum goma sha ɗaya nake da su a dare. Hajiya_Manaja, ku ya kuka yi da naku?